Guntuwar Fartanyar Don Cleto

Faɗan da ya fi zafi tsakanina da Nemesio Barragán a kan fartanya muka yi shi. Na fito da safe na tarar da kajina sun watse cikin barkono, ƙofar akurki a buɗe, shi kuwa yana tsaye cikin shigarsa ta malamin makaranta yana kakkaɓe fartanyar da nake tokare ƙofar da ita.

"Kai, ɓarawon kaji! Bokon ne ya koya maka haka?"

"Inna Chayo, wannan fa tarihi ne. Aji zan kai ta."

"Tarihin gidanku! Ubanka ya jefar, ni na tsinta."

Ni na riƙe shi ranar baftismarsa, don haka ina da ikon zaginsa. Ya tafi da ita duk da haka.

Ƙotar fartanyar ba ta wuce kamu ɗaya ba. Ita aka ba ubansa, Cleto, wanda ake girmamawa da Don Cleto, sa'ad da ya taho daga jiharsu ta Michoacán yana saurayi, ya tsallako iyaka ya shiga gonakin latas na kwarin Salinas. Ba don ta fi cin aiki aka gajarta ta ba, sai don shugaban leburori ya hango daga nesa duk wanda ya miƙe, ya san ya tsaya. Daga baya hukuma ta hana ta, amma gadon bayan Cleto bai ji sanarwar ba. Haka ya tsufa yana kallon takalmansa.

Nemesio ya yi karatu ya dawo yana koyar da tarihi a sakandaren garinmu. 'Yan ajinsa jikokin leburorin gona ne, amma a littafinsu, in ji shi, kakannin nasu ko rabin shafi ba su samu ba. Duk shekara sai ya zaunar da su: yadda aka kwaso mutanenmu a jirgin ƙasa lokacin da ake neman hannu, yadda aka tuɓe su a bakin iyaka aka fesa musu maganin ƙwari, yadda suka ciyar da ƙasar nan, aka kuma kori da yawa da aka gama da su. Labarin kowa ya sani. Na ubansa ne kaɗai bai sani ba, abin da ke cinsa ke nan. In ya tambaya, tsohon ya ce, "An yi aiki, an gama. Miƙo gishiri."

Ya yi ta naci har Cleto ya yarda ya zo aji. A zatonsa abin da uba ya hana ɗansa a gida zai ba yara. Ni ma na bi su da tukunyar tamales, alalenmu na masara. Tsoho ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya zauna gaban aji. Wata yarinya ta tambaye shi ƙauyensu. Ya faɗa mata, har da murmushi, ya fara zancen wani kogi da suke kamun kifi. Sai Nemesio, wai don ya taimaka, ya sauko da fartanyar daga bango ya miƙa masa. Daidai nan shugaban makarantar, wani dogon Bature, mutumin kirki ma, ya tsaya a bakin ƙofa ya naɗe hannu. Sauraro ya zo yi.

Cleto ya dubi fartanya a hannunsa, ya dubi Bature a tsaye. Ya sauka daga kujera, ya duƙa, ya fara kartar siminti. Wasu suka tuntsire da dariya, sun ɗauka wasa ne.

"Baba, miƙe," in ji Nemesio. "Baba, don Allah."

"Yi shiru, yaro," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yana kallo."

Bai sake taka makarantar ba, bai sake ambaton kogin ba. Kafin a koma yankan latas muka binne shi.

Nemesio ya ci gaba da koyarwa har furfura ta rufe kansa. Cikin ɗalibansa akwai lauyoyi, akwai masu jinya, har da mai garejin da ke gyara motar jikata. Da yawa sun koma gida sun tambayi kakanninsu, an kuma ba su amsa. Shi kam duk ranar da ya kai darasin fartanya, sai ya wuce ƙofata ko gaisuwa babu, ya kwana bai ci komai ba.

Bara ciwon huhu ya kwantar da shi, ni da mutuwa ta manta da ni ina nan ina dogara sanda. Na je asibiti na same shi ya zama ƙashi da fata.

"Inna Chayo, kogin nan, ya taɓa gaya miki sunansa?"

"Ni da ubanka zancen kaji kawai muke yi."

Ya juya fuska bango. Na ja bargo na rufe masa ƙafa.

"Ji nan, mai taurin kai. In ka tarar da ubanka a can lahira, kada ka tambaye shi komai. Ka zauna kusa da shi, ka bar shi ya miƙe bayansa. In ya ga babu mai kallo, da kansa zai kai ka kogin."