Rayuwar Minagawa Tokuji, Sufeto Isogai na Talabijin

Haihuwa da Karatu

An haifi Minagawa Tokuji a ranar 9 ga Maris, 1929, a garin Onomichi na ƙasar Japan, a gidan Minagawa Sakuzo, mai gyaran jiragen masunta, da matarsa Tome. Ya kammala firamare a 1941, ya shiga makarantar koyon sana'a, amma yaƙi ya katse masa karatu, aka tura shi aiki a masana'antar jiragen ruwa har zuwa 1945.

Sana'a da Aure

A 1949 ya tafi Tokyo ba da iznin mahaifinsa ba, ya shiga wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo, inda ya haɗu da Sumie, telar da ke ɗinka musu kayan wasa, suka yi aure a 1956. Da ya koma talabijin a 1959, ya shekara goma sha biyar ba ya samun matsayin da ya wuce na ɗan dako, ko mai gadi, ko gawar da ake tsinta a farkon shiri. Abokan aiki kan tsokane shi da cewa duk ƙasar ba wanda ya kai shi iya kwanciya.

Sufeto Isogai

A 1974 wani gidan talabijin ya ƙuduri aniyar mayar da littattafan labaran binciken kisa talatin da ɗaya na marigayi Nonomura Rinzo zuwa shiri na mako-mako. Matar marigayin, Fusa, wadda haƙƙin littattafan ke hannunta, ta ƙi fitattun 'yan wasa shida da aka gabatar mata don matsayin Sufeto Isogai, jarumin littattafan. Tana kan hanyar fita ta ga Tokuji zaune a kan benci yana cin shinkafarsa.

"Mijina ya rubuta mutumin da ba wanda zai waiwaya ya kalle shi a tashar jirgi," in ji ta. "To ga shi nan. Bawan Allah, gama abincinka ka zo."

Daga Oktoban 1975 zuwa 1983 ya fito a labarai talatin, ana nuna kowanne kashi-kashi, kuma a wannan zamani har masu gidajen wanka sukan koka da cewa ranar Alhamis da ƙarfe takwas ba sa ganin kowa.

Saɓani da Gidan Talabijin

Labari na ƙarshe, na talatin da ɗaya, shi ne wanda Sufeton ya yi kuskure, ya sa aka ɗaure marar laifi, sannan ya je har kurkuku ya durƙusa ya nemi gafararsa. Mahukuntan gidan suka ga hakan zai zubar da martabar shirin, suka nemi a sauya ƙarshen. Fusa ta riga ta rasu, babu sauran mai hana su sai Tokuji. Shugaban shirin ya tunatar da shi daga inda aka ɗauko shi, ya kuma yi masa nuni da cewa 'yan wasa ba su ƙare ba.

"Ranka ya daɗe, sau talatin na yi daidai a gaban mutanen nan," in ji Tokuji. "Idan ba zan yi kuskuren da aka rubuta ba, sa wani ya yi maka."

Aka sallame shi a Janairun 1984. Shekara shida ba wanda ya ba shi aiki, ɗinkin Sumie ne ya riƙe gidan. An sanar da cewa wani matashi zai karɓi matsayin, amma wasiƙun ƙorafin masu kallo suka sa aka janye shirin tun kafin a fara ɗauka. A 1990 sabbin mahukunta suka zo gidansa da kansu, aka ɗauki labarin kamar yadda yake a littafi, aka nuna shi ranar 8 ga Nuwamba. Bai sake fitowa a wani shiri ba.

Rasuwa

Ya koma Onomichi a 1992, ya rasu a ranar 21 ga Yuni, 2004, yana da shekara saba'in da biyar, shekara uku bayan Sumie. An ƙone gawarsa bisa al'ada, aka binne tokar a kabarin iyalinsa, a haikalin da ke kan tudu. Ya bar 'ya'ya uku: Shinsaku, direban jirgin ƙasa, Kanae, malamar makaranta, da auta Michiru, wadda ta shaida wa masu ta'aziyya cewa duk tsawon shekarun nan bai taɓa faɗa wa kowa a gidan wanda ya yi kisa a labarin ba kafin a nuna shirin, ko da mahaifiyarsu ta hana shi abinci.