Ku Zo Da Macijin

Dakta Sahabi ɗan Bukkuyum ne, malamin jami'a, shekara ashirin yana koyar da rayuwar macizai da kwaɗi da ƙadangaru. Digirinsa uku, amma a gida ba wanda ya yarda mutum zai zama dakta bai iya allura ba. Duk wanda maciji ya sara a gona, ƙofar gidansa ake fara kai shi. Ya yi bayani har bakinsa ya gaji, shi ba likita ba ne, a wuce asibiti.

A daminar 2012 ya yi suɓul da baka. An kawo wani makiyayi ƙafa a kumbure, ba wanda ya san abin da ya sare shi. Dakta ya ce nan gaba a riƙa zuwa da macijin, ya duba ko mai dafi ne, a faɗa wa likita. Maganar ta shiga kasuwa, kafin ta kai Gummi ta zubar da rabinta a hanya. Abin da ya rage shi ne, Dakta yana son a kawo masa maciji.

To, akwai mesa tara a duwatsun bayan gari da ya yi wa shaida a fatar ciki, yadda makiyayi ke tsaga kunnen saniya. Duk hutu yakan zo ya auna su, ya rubuta. Aikin shekara goma ya tsara, shi ne littafin da yake fatan ya bari a bayansa. Sai ga su suna iso masa ɗaya bayan ɗaya a buhu, kai a farfashe. Ya roƙa a masallaci, ya roƙa a kasuwa, a daina kashe su. Aka ce kawaici ne irin na malamai, ba ya son a wahala dominsa.

Zuwa 2018 saura ɗaya, kuma ransa duk yana kanta. Wata ranar kasuwa wani tsohon manomi, Makau, ya yi sallama, ya sauke buhu yana haki.

"Dakta, ba ta ciji kowa ba," in ji shi. "Kwana ukku ina hwakonta, sabad da kai."

Mesar ce, kai a farfashe. Dakta ya juya cikinta, ya ga shaidarsa. Ya dubi tsohon, gumi sharkaf, fuska cike da murna. Baƙin ciki ya tokare shi, amma ƙarfin sake bayani ya ƙare masa. Ya yi godiya, ya sa aka kawo wa baƙo ruwa. Sannan ya ɗauko ma'auni ya auna ta. Ta ƙara taƙi guda tun bara. Ya rubuta, ya rufe littafin.