Muryar Inna a Rumbun Wasu

A shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, rana ta yi husufi bayanta da 'yan kwanaki har kaji suka nemi akurki da hantsi, a shekarar nan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na riga na haura arba'in, furfura ta fara fito mini a gemu. Sana'ata tuƙin jirgin ruwa mai inji, ina ɗaukar kaya daga kwatar Yelwa zuwa duk inda kogin Kwara ya yarda in kai.

Malaminmu tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya ya buɗe shagon kwamfuta kusa da tasha. Bayan la'asar yakan jera mana benci a bayan shagon, ƙarƙashin wani babban farantin ƙarfe mai kallon sama. Ta wannan farantin intanet ke shigo masa. A cikin shagon kuma akwai wani ɗan ɗaki da ba a shiga da takalmi. Kwamfuta ɗaya ce a ciki, ba mai zama gabanta, amma ita aka fi tarairaya. Malam ya rataya jiƙaƙƙen buhu a tagar ɗakin don iska ta shigo da sanyi, in wuta ta ɗauke kuwa sai ya bar mu da alli a hannu ya ruga ya ta da janareta.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Malam, wagga amarya ce ka ɓoye muna?"

Ya ce, "Ta hi amarya rigima, Bagunge. Amarya tana barci. Wagga in ta yi barci kowa ya shiga uku."

Ya ce sunanta saba. Sauran kwamfutocin suna zuwa wurinta su nemi abu, ta ba su, kamar yadda mata ke zuwa rumbu da ƙwarya. Na ce to me ke cikin rumbun? Sai ya kunna mini muryar wani tsoho yana magana da Gunganci, yarenmu. Na tsaya cik, don na san tsohon, kuma na san ya rasu.

Ni ɗan gungu ne. An haife ni a wani tsibiri da ke tsakiyar kogi, ina yaro aka gina dam na Kainji, ruwa ya taso ya rufe mu, aka kwashe mu zuwa sababbin gidaje a tudu wajen Wara. Malam Bahaushen Yelwa ne, ko gaisuwa ba ya iyawa da yarenmu. Duk da haka ya sa kansa bin ƙauyukan da aka sake wa mazauni yana roƙon tsofaffin kaset: na biki, na suna, na hira, duk wanda muryar wani dattijo ke ciki. Yana juye su cikin sabar, ya mayar wa mai abu abinsa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Da ya gane ina jin yaren, sai ya mai da ni mai gaya masa abin da ke cikin kowanne, ya ce in rubuta sunan garin da kaina a jikin kaset ɗin. Yawancin baƙaƙen da na iya, a jikin kaset na koye su.

Ina da nawa guda ɗaya. Yayana ya ɗauki muryar Inna da rikoda ranar sunan ɗana na fari, shekara biyu kafin ta rasu. A gefe na farko hayaniyar suna ce, tana waƙar niƙa, tana dariya, tana kirana da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi. A gefe na biyu mutane sun watse, yayana ya ce ta ba shi labarin gungu. Sai ta fara daga inda ake ɗaure jirage ta bi gida gida, wane kusa da wane, rijiya a nan, tsamiya a can, har ƙarshen gari. Danshin bakin ruwa ya riga ya ci zaren. Malam ya juye shi da lallami, yana ƙarewa zaren ya manne ya tsinke. Wannan ce tafiyar kaset ɗin ta ƙarshe.

A cikin gefe na biyun akwai inda Inna ta ce mutanen gungu ba su ajiye iri a rumbu ɗaya, rabi a gida, rabi wurin surukai a wancan ƙetaren. Da na fassara wa Malam sai ya ce, "Innarka ta hi ni ilimin wanga aiki." A makon nan ya nemo wani kamfani a ƙasar Turawa mai ba da wurin ajiya kyauta, ya fara tura muryoyin can kaɗan kaɗan ta faranti. Yanzu ina jin matasa na cewa abu yana cikin gajimare. Malam bai taɓa ce mana haka ba. Ya ce ɗaki ne kamar nasa, sai dai ya fi girma, wutarsu ba ta ɗaukewa, kuma makullin yana hannun mai ɗakin.

Na ce masa abin da mamaki. An nutsar da garinmu don a yi wuta, ga dam ɗin nan ƙasa da mu, amma sai mun kai ajiya wata duniya saboda babu wuta. Ya ce, "Rubuta wannan a allonka." Ban iya ba a lokacin. Ga shi yau na rubuta.

Bayan damina uku abubuwa biyu suka faru kusa da juna. Wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, ranar da ta dawo ta dawo da ƙarfi, sabar Malam ta yi hayaƙi ta mutu da duk abin da ke cikinta. Kafin nan kuma ya riga ya sauke farantin ya sayar, don kamfanonin waya sun kawo wani ɗan abu kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta, mai arha. Da ya je buɗe rumbun can na ƙetare ya kwaso, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Ya daɗe kafin ya gano dalili. Ashe da can, saƙonmu in ya hau sama ta faranti, a ƙasar Turawa yake sauka, kamfanin yana ɗaukarmu mutanen can. Yanzu mun zo da fuskarmu ta gaskiya, su kuwa sun rufe ƙofa ga duk wanda ya ƙwanƙwasa daga ƙasarmu, wai saboda 'yan damfara. Ba su san Malam ba, ba su san Inna ba. Ya rubuta musu, ba amsa. Ya je Kwantagora, ya je Birnin Kebbi, shagunan da ya sani duk sun sauke farantansu. Ana cikin haka sai ga sanarwa ta zo wa kowa da kowa cewa ajiyar kyauta za ta ƙare a ƙarshen wata, wanda bai kwashe nasa ba za a share.

Ya same ni a kwata ina lodin masara. Ya ce, "Bagunge, ina za ka da wagga?"

Na ce, "Gaya."

"Gaya ta Nijar? To ka samu ɗan kaya, da ni za ka tahi. Ƙofar nan ba a ruhe ta ga mutanen Nijar ba."

Na ce, "Malam, ka iya ruwa?"

Ya ce, "Na iya sha."

Malam, dattijo mai ciwon gwiwa, ya zauna kan buhunan masara da ledar faifan kwamfuta a ƙirji kamar jinjiri. Muka wuce ƙasar Shanga, muka kwana a hanya, injin ya ba mu wahala kusa da Lolo. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Jefi-jefi sai ya nuna rubutun jikin wani jirgi ya ce in karanta.

Mun isa saura kamar kwana goma wata ya ƙare. Shagon intanet ɗin da muka samu na wani Bazabarme ne mai barkwanci. Fanka na juyawa, firji na ƙugi. Malam ya tambaye shi ko suna samun wuta haka kullum. Ya ce, "Ai taku ce, Alhaji. Daga Kainji take zuwa. Mun gode ƙwarai, a gai da mutanen gida." Malam ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba.

Ƙofa ta buɗe a bugu ɗaya. Sai dai layin kamar ɗigon ruwa daga tsagaggen tulu, murya ɗaya sai ta ci rabin yini. Malam ya duba ya ga ba za mu kwashe duka ba, sai ya tsara yadda za a yi: waɗanda suka rasu su ne gaba, kuma kowa gefe ɗaya, sai an zagaye kowa sannan a dawo na biyu.

Na ce, "Malam, ni hwa na kawo ka."

"Ka kawo ni, Allah shi saka. In kun kama kihi a jirgi ɗaya, mai jirgi shina cin nashi kahin a raba?"

"Mai jirgi shina da kaso biyu."

"Bayan an zagaye kowa, ko?"

Gaskiyarsa ce, haka ake yi. Ya ce in zaɓi gefen da za a fara ɗauko mini. Ban yi dogon tunani ba, na ce wanda Inna take dariya a ciki. Gungu na gan shi da idona ina yaro, na ɗauka ba zan manta ba.

Kwanakin nan ya yi su kan kujerar roba, ba ya tashi sai salla. Baƙaƙen da ke kan madannan shagon ba a inda ya saba suke ba, tsarin Faransa ne, yana dannawa yana tsaki Bazabarmen na yi masa dariya. Duk muryar da ta sauko sai ya zuba ta a faifai biyu, ɗaya a ledarsa, ɗaya ya miƙo mini in rubuta sunan gari in ajiye a jirgi. Da aka zo kan Inna ya ɗora mini abin sauraro a kunne, ya fita waje ya bar ni. Ta kira ni da sunan nan. Na zauna a shagon mutane a ƙasar mutane ina share ido da hula.

Ranar ƙarshe da azahar muna tsakiyar sauke wata murya, sai allon ya canza. Malam ya karanta, ya cire tabarau ya ninke. Ya ce, "Sun share." Ko zagayen farko ba mu gama ba.

A hanyar dawowa nake tambayarsa wa ya rage a cikin mamatan. Ya lissafa mini. Na ƙarshe da ya faɗa mahaifinsa ne. Ashe shi ma yana da kaset ɗaya a ciki, tsohon yana karatun Alƙur'ani a zauren gidansu, asalin kuma ya lalace tun tuni. Na ce don me ya sa shi a ƙarshe? Ya ce karatun da baban ya yi akwai masu yinsa a kowane zaure, amma yarenmu bai san ko jikokinmu za su ji ba. Daga nan ya ce in kula da gaba, akwai dutse.

Bai sake sayen saba ba. Faifan ya rarraba su gida gida, kowanne biyu, ya ce a kai ɗaya wurin surukai. Ni kuma da hannuna ya ɗan faɗa da rubutu, na zauna in jera gidajen gungu yadda Inna ta jera. Na tashi daga inda ake ɗaure jirage, na kai rijiya. Daga rijiya zuwa tsamiya na rasa wane ke kusa da wane. Na tambayi yayana, shi ma nan ya tsaya.

Kaset arba'in da ɗaya Malam ya tara. Mun dawo da gefe ɗaya na goma sha tara. Na koma ƙauyuka na samo bakwai da zarensu bai mutu ba. Goma sha biyar sun tafi gaba ɗaya, shida a cikinsu masu maganar sun riga sun rasu, ɗaya baban Malam ne. Sai gefe na biyu na Inna, da rabin garinmu daga rijiya zuwa tsamiya.