Kunnen Tanki

A matatar ruwan ƙazanta, inda dagwalon gari yake taruwa kafin a tace shi, akwai wani ma'aikaci, Kunnen Tanki ake ce masa. Aikinsa tsaron babban tanki. Akwai ƙwallon roba da ke yawo a saman ruwan. In ruwa ya kai wuya sai ƙwallon ya taso, jiniya ta tsala ihu, shi kuma ya ruga ya tayar da injin na biyu. Tun yana baƙin gashi har furfura, tankin nan bai taɓa ambaliya a hannunsa ba. Ko a shagon mai aski da wannan yake tinƙaho.

To, rurin injuna ya yi ta cin kunnensa a hankali. Matarsa ce ta fara ganewa, don sai ta ce a sayo gishiri ya dawo da sabulu. Ta yi ta fama ya gaya wa shugabansu, ya ce ita ce dai take magana ciki-ciki. Mutumin kirki ne, amma taurin kai kamar jaki.

Sai ya samo dabara. Jiniyar a jikin ƙarfen shingen tanki take, in ta yi kuka ƙarfen yakan yi rawa. Ya koma tsayuwa da hannu a kan ƙarfe, yana ji da tafinsa. Abokan aiki har tsokanarsa suke, wai ya auri shinge.

Yana hutu aka mayar da jiniyar kan sabon turke, nesa da shingen. Da ya dawo aka sanar, ya gyaɗa kai yana murmushi, bai ji komai ba.

Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana tsaye ƙarƙashin rumfa, hannu a kan ƙarfe, hankali kwance, jiniya tana ihu a bayansa. Baƙin ruwa ya tsallake, ya gangara layin ƙasa, ya shiga ɗakunan mutane har kan katifu.

Ba a kore shi ba, shi ya ajiye aikin don kunya. Abin tausayi, sunan ma ya daina amsawa.

A gida ya ce da matarsa, ina ma a ce wani ya gargaɗe shi. Ta kama hannunsa ta ɗora a maƙogwaronta, don ya ji sosai.

“Malam, shekara nawa ina yi maka ihu? Ƙarfe ka yarda da shi, ban da ni.”

Bai janye hannun ba.