Ɗakin Baya da Maza Ba Su Shiga Ba

A Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan, idan za a sayi gida, maza ne ke zuwa gani. Haka na taso na tarar, ko da kuwa kuɗin daga lalitar mace ya fito. Su je su dawo su ce miki gida ya yi, ke kuma ki ce Allah ya sa albarka, ki fara ɗaure kwanuka.

Ni dai kuɗin nawa ne. Tun mai gidana yana da rai nake saro atamfa da zannuwan gado ina sayarwa daga ɗaka, bayan rasuwarsa na haɗa da ɗan abin da ya zo mini na gado. Muna zaune a gidan ƙaninsa, ni da ɗana na fari da matarsa da jikokina, a cunkushe kamar goro a huhu. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana, amma aro aro ne. Abin da nake so bai wuce ƙofar da zan rufe da hannuna ba, da ɗakin da zan mutu a ciki ba tare da an ce alfarma aka yi mini ba.

Dillalin da ya samo gidan Bahaushe ne haifaffen Ibadan, irin waɗanda rabin zancensu Yarabanci ne. Ya ce gidan yana can bakin unguwa, inda gidajenmu ke ƙarewa na Yarabawa su fara. Gidan gado ne, magajin yana Legas, yana son ya rabu da shi. An yi sabon fenti, an shimfiɗa tayil ko'ina.

Ƙanin mijina da ɗana suka je suka gani. Da suka dawo, ƙanin mijin ya zauna a bakin ƙofata yana fifita da hula.

"Matar Yaya, kin yi sa'a. Masallaci ga shi nan kusa. Gaban gidan zai ɗauki shago. Katanga doguwa, babu maƙwabcin da zai leƙo tsakar gida. Na ma yi magana da Malam, kafin ku tare za a yi sauka a turare ko'ina."

Na ce, "Ɗakuna nawa kuka shiga?"

"Duka."

Ɗana ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, sai na ce, "Kai, da kai nake."

"Ban da na baya, Inna."

"Me ya hana?"

"Akwai tsohuwa a ciki. Mun yi sallama ta amsa daga ciki, labule a sake."

Ƙanin mijina ya ce, "To so kike mu kutsa wa matar mutane ɗaki, da gemunmu? Dillali ya ce matar uban mai gidan ce, za a mayar da ita wajen danginta. Ɗaki ne kamar sauran."

Ban ga laifinsu ba. Ni na yi wa yaron wannan tarbiyya, ni na sha murɗe masa kunne idan ya ɗaga labulen da ba na uwarsa ba. Namijin Bahaushe zai iya hawa rufi ya duba kwano, amma ba zai tsallake labulen mace ba ko gidan na cin wuta. Sai dai ɗakin bayan nan shi suka riga suka yanke zai zama nawa, ni da jikoki, don ya fi nisa da hayaniyar titi.

Na ce sai na gani da idona.

"Tsufa ya zo da rigima," in ji ƙanin mijin. "Tunda kika shiga makarantar nan ta manya ba a zauna lafiya ba."

Gaskiyarsa. Da furfurata na zauna a benci na koyi rubuta sunana, don na gaji da a kama mini babban yatsa a dangwala a inda ban sani ba. Na ce masa hannun da na sha wuya kafin ya iya sa hannu ba zai sa a kan abin da ido bai gani ba.

Bayan azahar muka tafi, ni da dillali. An kwana ana ruwa, da safe ma an ɗan taɓa, garin ya yi luf, jan kwanon gidaje yana ta ɗiga. Dillalin ya buɗe ƙofa ya tsaya a waje yana amsa waya.

Ginin irin na Yarabawa ne, dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na duba abin da mace ke dubawa: inda hayaƙi zai fita, inda ruwan wanke-wanke zai bi, nisan rijiya da masai. Na kankare fenti da farce a gindin bango na ga ko ruwa na hawa. Na ɗaga kai na nemi tabon yoyo a silin. Na bubbuga tayil da gindin lemata. Wallahi gidan ya shiga raina. Har na ga inda zan ajiye turmi.

Ƙarshen lungun ba haske. Labulen tsohuwar atamfa ce da ta koɗe. Na yi sallama, na ƙara da gaisuwar rana da Yarabancina na kasuwa. Murya ta ce in shigo.

Abin da na fara ji sanyi ne a tafin ƙafa, don na cire takalmi a bakin ƙofa. Ba sanyin tayil na damina ba, wannan na san shi. Wannan hawa yake yi, har ƙwauri.

Ɗakin babba ne, ya fi duk sauran. Amma komai na ciki a manne yake da bango: ƙaramin gado, akwati, buta, murhun kananzir. Tsakiya fayau, ko tsinke babu. Tsohuwar na zaune a kan tabarma a kusurwa, ta naɗe ƙafafu kamar mai gudun kada su taɓa wani abu. 'Yar firit ce, idanunta sun yi fari-fari, amma ni take kallo sosai. A'a, ba ni ba. Ƙafafuna.

Ta ce, "Ɗan matsa, 'yata. Kin taka masa ƙafa."

Na duba ƙasa.

Tayil ɗin fari ne, ko'ina a bushe, ban da wuri uku. A nan ya yi gumi, raɓa-raɓa kamar jikin randa, kuma gumin ba a barbaje yake ba, yana da iyaka, yana da kusurwa. Dogo, dogo, sai gajere. A jere, duk sun miƙe waje guda. Ina tsaye a ƙarshen na farko.

Na yi wa mata wankan gawa a Sabo ba sau ɗaya ba, na ɗinka likkafani da hannuna. Amma mu mata iyakarmu ƙofar gida. Maza su ɗauka su tafi, su dawo da makara wayam. Ban taɓa zuwa maƙabarta ba. Ban taɓa ganin kabari kusa ba sai ranar, kuma a kansa nake tsaye da ƙafa ba takalmi.

Na ja da baya har bayana ya bugi bango. Ta nuna mini gefen tabarmarta, na bi ta jikin bango na zauna.

Ta gabatar mini da su kamar yadda ake gabatar da mutanen gida ga baƙo. Wannan mijinta ne, Alhaji ne, ya je Makka tun ana daɗewa a hanya. Wannan uwarsa ce. Gajeren ɗan da ta haifa wa Alhaji ne, bai kai yaye ba. Ta ce da can akwai dakalin siminti a kan kowanne, har da rubutu. Da ɗan mijinta ya tashi sayar da gida, ya zo da leburori suka fasa saman, suka baje, suka shimfiɗa tayil. Ya ce ba mai sayen ɗaki da dakali uku a tsakiya.

Ta ce, "Amma duk sanda aka yi ruwa sai su fito."

Na san Yarabawa da yawa a gida suke binne manyansu, a baranda ko a bayan ɗaki. Na sha gani a hanya, har awaki na kwanciya a kai. Ban taɓa raina musu ba. Su suna ajiye nasu kusa, mu muna kai namu nesa da gaggawa, kowa da yadda ya iya rashi. Wanda raina ya ɓaci da shi mutumin Legas ne, da ya lulluɓe ubansa da tayil kamar ya lulluɓe tsagewar bango.

Ta ce, "Ke ce za ki zauna da su?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Ba ta saurare ni ba, ta shiga yi mini bayani a hankali, kamar mai barin sallahu. Kada a ɗora gado a kan Alhaji. Kada a bar taga a rufe da rana, uwar Alhaji ba ta son zafi. Idan za a yi shara a fara daga wajen kai. Ta ce ba su da fitina, ita ce shaida, tun tana da haƙora take kwana da su.

"Ƙaramin ma ba ya damun kowa," in ji ta. Ta karkata kai kamar mai sauraro. Sannan ta juyo da fararen idanun nan. "Kina da jikoki?"

Na miƙe. Na yi mata sallama, na bi bango na fita. Takalmina ma a hannu na fito da su har titi.

Dillali ya rantse da abin da zai kashe shi bai taɓa shiga ɗakin ba, kuma na yarda, shi ma wata uwa ce ta yi masa tarbiyya. Amma da ya ga fuskata sai ya sauya murya.

"Hajiya, a tsohon Ibadan wane gida ne babu? Sai in sa a rage miki."

Na ce, "A rage mini me, gawa ɗaya?"

A gida aka yi ta kai da kawo. Ƙanin mijina ya je wajen Malam ya dawo da amsa: ba a salla a kai, ba a zama a kai, ba a takawa. Ko dai danginsu su yarda a tone a mayar maƙabarta, ko a toshe ƙofar ɗakin da bulo a bar su. Magajin ya ce babu mai tone masa uba. Shi da ya fasa masa dakali.

Saura toshewa. Kada in yi ƙarya, na daɗe ina juya wannan a raina. Gida mai kyau, ga masallaci, ga rijiya mai daɗin ruwa, ba zan sake samun irinsa kusa da Sabo ba, na sani. Ɗana ya ce, "Inna, bango ne kawai, matattu ba sa tashi." Na ce na fi shi sani, na taɓa su da hannuna. Ba tashinsu nake tsoro ba. Na san kaina ne. Na san duk ranar da jikata ta tafi ƙarshen lungun nan tana wasa ita kaɗai, ta jingina da sabon bangon tana surutu irin na yara, zan saki abin da ke hannuna. Gidan da zan zauna ina kasa kunne ba nawa ba ne, ko sunana na kan takarda.

Ban sa hannu ba. Na ƙara damina da damina a ɗakin aro, ƙanin mijina yana tsokanata da mai gida a sama. Daga baya na sami wani ƙarami can wajen Ojoo, nesa da kowa nawa. Shi kam sai da na ɗauki magini na biya shi ya bi shi lungu-lungu, ni kuma na shiga kowane ɗaki bayan ruwan sama, na zauna da matan maƙwabta na tambaye su wa ya zauna a nan, wa ya mutu, ina aka kai shi. A ciki nake rubuta wannan.

Wancan gidan wani ɗan kasuwa ya saya ya zuba 'yan haya. Na aika masa da abin da na gani, ya aiko da godiya. Abin ya ƙi barina, ranar da na shiga Sabo gaisuwar rasuwa sai na biya. Tsohuwar ba ta nan. A ɗakin baya na tarar da wata yarinya, amarya ce da aka kawo daga Arewa, mijinta yana dako a kasuwar Shasha. Ta shimfiɗa sallaya a tsakiyar ɗaki tana la'asar. Na tsaya a bakin ƙofa har ta sallame, sannan na gaya mata komai, ban rage ba.

Ta dubi tayil ɗin, rani ne, a bushe yake ƙayau. Ta dube ni.

"To ina zan koma, Inna?"

Na ce ta miƙo sallayar, muka fito da ita lungu, na nuna mata gabas.