Ranar da Aka Duba Jirgin Evariste Bedeau

A ƙauyen Windward, can gefen tsibirin Carriacou na tekun Karibiyan, inda iska ba ta hutu, ba a tura sabon jirgi cikin teku sai Evariste Bedeau ya ce ya yarda. Ba gwamnati ce ta naɗa shi ba. Mahaifinsa mai toshe tsagar jirage ne da auduga da kwalta, shi kuma ya tashi da kunne na ban mamaki: in ya ƙwanƙwasa katako da 'yar gudumarsa, ya san ko lafiyayye ne ko ruɓewa ta fara cinsa ta ciki.

Malamin makarantar mishan ne ya laƙaba masa kalmar Turanci, approver, ya kuma warware wa mutane ita dalla-dalla, yadda ya saba. Ya ce mai dubawa daban, wannan daban. Mai dubawa ya gani ne ya ba da labari. Wannan kuwa in ya ce e, a wuce, in ya yi shiru, kowa ya tsaya. Bakin jama'a ya lanƙwasa kalmar ta koma Apruba, har matarsa Philomene ma haka take kiransa in ya ɓata mata rai.

Jirage arba'in da ɗaya ya amince da su, babu wanda ya nutse. Sau ɗaya tak ya ƙi a ranar biki, a shekarar 1938, kuma jirgin amininsa ne, Osbert Fleary. Evariste ne uban baftismar 'yar Osbert, shi ya sa suke kiran juna Kompe, kamar yadda masu irin wannan zumunci suke yi a can. Ran nan an riga an yanka awaki, Fada, limamin coci, ya yayyafa ruwa mai tsarki, sai guduma ta ji ruɓaɓɓen katako. Aka ɗage bikin kwana tara. Osbert ya gyara jirginsa, amma bai manta ba.

Da Evariste ya cika shekara sittin da takwas, sai ya ce shi ma zai ƙera nasa. Shekara biyu yana sassaƙa a bakin ruwa. Sai da ya kusa gamawa Philomene ta tuna masa abin da kowa ya sani.

"Apruba, mutum dai ba ya amince wa jirgin kansa. Wa zai duba maka?"

Duk ƙauyen kunne ɗaya ne ya kusa nasa, na Osbert.

Ranar biki tsibirin ya tashi kaf. Tukwanen tuwon masara da kuɓewa suna tafasa, naman akuya na ƙamshi, masu goge da ganga sun fara tun hantsi. Jirgin na tsaye a kan yashi, an tokare shi da itace ta kowane gefe, samari takwas riƙe da gatura suna jiran a ce su sare itacen tokarar. Evariste ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, zufa na bin wuyansa. In Osbert ya ƙi, duk mutanen nan za su ci abinci su watse, a riƙa cewa mai duba na wasu bai iya nasa ba.

Sai ga Osbert yana tafe a hankali, yana sakace haƙori.

"Kompe, wannan ne jirgin? Na zaci akurkin kajin Philomene ne."

Aka fashe da dariya. Evariste ya miƙa masa guduma. "Duba abin da ya kawo ka, Kompe."

"Sauri kake? Ai ni kwana tara na jira."

Ya fara daga goshin jirgi. Ƙwas, ƙwas. Ya kara kunne, ya taɓe baki, ya matsa. Masu goge suka daina. Wata tsohuwa ta ɗaga murya: "Mista Osbert, tuwo zai huce fa!" Bai ko waiwaya ba. Ya gama gefe ɗaya ya zaga ɗayan, jama'a na binsa a baya kamar masu rakiyar amarya. Can wajen gindi ya tsaya. Ya buga. Ya sake bugawa.

Evariste ya ji sautin shi ma. Ba sharri ba ne. Akwai tsaga da audugar cikinta ba ta cika ba, tsawon tafin hannu.

"Ka ji?" in ji Osbert.

"Na ji."

"Katakon lafiya lau. Toshiyar ce ta ragon mutum. Ɗan mai toshe jirage guda! A kawo masa auduga da kwalta."

"Yanzu?"

"Yanzu, a gaban kowa. Kuma kada ka tuɓe kwat ɗin, ta yi maka kyau."

Evariste ya durƙusa a yashi da kayan cocinsa, yana cusa auduga yana bugawa, mata na tafa masa daidai da bugun, Philomene kuwa ta rufe fuska da hula tana dariya har da hawaye. Da ya shafa kwalta ya miƙe, Osbert ya ƙwanƙwasa wurin sau uku. Ya dubi sama, ya dubi teku, ya ja lokaci har wani ya ce zai jefa shi ruwa. Sannan ya ɗaga guduma.

"Na yarda! A sare!"

Gatura takwas suka sauka tare. Itacen tokarar suna gajarcewa, jirgin ya kwanta sannu a kan gumaguman da aka jera masa har cikin ruwa. Maza da mata suka kama igiya, Fada ma ya naɗe rigarsa ya kama, ana waƙa ana ja, ana zuba giyar rake a yashi. Jirgin ya gangara, ya tsaga ruwa, ya yi tangaɗi, ya miƙe cak.

Evariste bai san lokacin da ya shiga teku da takalmansa ba, ruwa har ƙirji, yana dukan cikin jirgin da tafin hannu yana ihu. Osbert na kusa da shi, jiƙe sharkaf.

"Kompe," in ji Osbert, "gobe da safe ni zan fara riƙe maka sandar tuƙi. Ban yarda da tuƙinka ba tukuna."