Wasiƙun asibitin da surukina ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu cewa Hajiya Binta ta leƙa Amurka ta manta da mutane, ku yafe ni. Jinya na yi, kuma abin da ya biyo bayan jinyar sai yau na iya faɗa.

A 2016 na zo New York yi wa 'yata ta fari wankan jego. Kun san ba na kama sunanta, to a nan ma Maman Amira ce. A unguwar Highbridge suke, hawa na huɗu, mijinta yana tuƙa tasi. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, shi a tsugune, ni ina kallon bango.

Kwana tara da saukata ƙafar hagu ta kumbura. Na ce hawa da gangarar unguwar ne. Na shafa man zafi na ja bakina na yi shiru, don wadda ta zo kula da mai jego ai ba ta kwanciya.

Wata safiya ina ɗauke da tukunyar ruwan wanka, da darbejiyar da na busar tun daga Kano a ciki, sai numfashi ya gagare ni. Na dire tukunyar na zauna a ƙasa. Ina jin 'yata tana kuka a waya tana kiran motar asibiti.

Aka sa mini robar iska a hanci, aka ɗebi jini, aka tura ni cikin na'urar hoto. Likitar ta ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafata saboda dogon zaman jirgi, guntunsa ya tafi huhu.

"Mama, da kin ƙara kwana ɗaya a gida, da wata maganar ake yi," in ji ta.

Na ji tsoro ƙwarai. Ba mutuwar kaɗai ba, a binne ni inda 'yan uwana ba za su san kabarina ba.

Kwana biyar na yi, allura a ciki safe da yamma. Ranar sallama na yi ta jiran a kawo lissafi. A gida ko kati sai ka biya kafin a dube ka. A nan ba wanda ya tambaye ni ko kwabo, sai ma aka turo ni a keke har bakin ƙofa.

Sai na yanke wa kaina hukunci cewa surukina ya biya. Na yi ta sa masa albarka a sujada. Tambayarsa? Ni in dubi mijin 'yata in ce nawa ka kashe a kaina? Allah ya kiyaye.

Na koma Kano, na sha maganin tsinka jini wata shida, na warke sarai.

Bara 'yata ta sake samun ciki, bizata kuma ta ƙare. Na je ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙwarin gwiwata, har na sayi kanwar kunu. Ma'aikaciyar ta tambaya ko na taɓa kwanciya asibiti a can. Na ce e.

"Wa ya biya?"

"Surukina."

"Ina shaidar biya?"

Ba ni da ita. Ta turo mini fasfona ta ƙasan gilashi. Na ɗauka na fito.

Ranar ce na fara kiran lambar surukina da hannuna. Na ce, "Baban Amira, don Allah, kuɗin asibitin nan an biya?"

Ya ce, "Mama, wallahi na ɗauka takardun da muka sa wa hannu na taimako ne, an yafe."

"Ba su taɓa rubuto muku ba?"

"Wasiƙu suna zuwa, Mama. Amma da sunanki. Na ce sirrin jikinki ne, ban isa in buɗe ba. Suna nan na adana miki."

Goma sha ɗaya ne, ya ɗaure su da roba ya sa a saman kabad. Ita kuma matar tasa ta zaci shi da yake riƙe da makullin akwatin wasiƙu ya gama da komai. Dala dubu goma sha tara ake bina, ni ina Kano ina rabon sadakar godiya.

Na yi kuka, na yi dariya, ban ma san wanda zan yi wa faɗa ba.

Ya ajiye tasi ya je ofishin kuɗi na asibitin. Suka duba abin da yake samu, suka rage zuwa dubu shida, a biya wata-wata. Na sayar da sarƙata ta gwal, na kwashi adashena, shi ya cika. Suka ba mu takardar cewa an gama biya.

Amma haihuwa ba ta jira mu ba. A waya na ga jaririn, Sadiq, ranar suna. Wata maƙwabciya 'yar Kumasi ce ta dafa wa 'yata ruwan wanka, Allah ya saka mata da Aljanna. Wannan ya ci mini rai, har yanzu ma.

Da na koma Abuja da takardar, aka ba ni biza. Na iso na tarar yaron yana rarrafe, ya ga baƙuwa ya fashe da kuka.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin nan, da ku masu addu'a.

Iyaye masu zuwa jego, ku sayi inshorar tafiya. Ku riƙa miƙewa kuna takawa a jirgi. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ku faɗa. In an sallame ku ba a ce komai ba, ku tambayi ofishin kuɗi, ku karɓi shaida a rubuce. Kunya tana da kyau, amma ni ta hana ni wankan jikana.

Jiya wata wasiƙa ta zo da sunana. Ya kawo mini da hannu biyu, a tsugune. Na ce, "Buɗe, ɗana, karanta mini."